Yaren 'Yar Choji

"A'a, ba wannan koren ba," in ji Alhaji Baharudeen. Ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, ya bar shatin manja daidai inda sunan shagonsa yake. "Wannan ai koren asibiti ne. Ni koren kontomire nake so, ganyen gwazan nan da ke cikin firiza. Azaratu, ɗauko mata ta gani."

"Na san shi, Alhaji," Kaneng ta ce. "Ba sai an ɗauko ba."

Amma Hajiya Azaratu ta riga ta buɗe firiza. Ta kawo ƙunshin ganyen yana tsiyayar ruwan ƙanƙara, ta kara shi kusa da kwamfutar, har Kaneng ta ɗan janye ta.

Tun safe take zaune a kan buhun shinkafa a kuryar shagon, a Hyattsville, kwamfuta a cinya, sanyin Disamba yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar baya yana cin ƙafafunta. Kuma ba don kala ta zo ba. Alhaji ne ya kira ta tun ba ta wanke baki ba, wai shafin da ta gina wa shagon ya haukace. In mutum ya danna doya, sai hoton man shafawa ya fito. Wata mata a Largo ta yi odar busasshen kifi, an kai mata tsintsiya, ta bugo waya ta wanke su tas. Da Kaneng ta bincika, sai ta gano cewa jiya Alhaji ya shiga da kalmar sirrin da ta roƙe shi ya bari a aljihu, ya ga wani jan maballi yana neman a sabunta wani abu, ya biya masa bukata.

"Ni ban taɓa komai ba," ya ce. "Dannawa kawai na yi."

Ta mayar da hotunan mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, gari, yajin shito, dokunu, daddawa. A kwamfutarta komai ya zauna daidai. A tsohuwar wayar Alhaji kuwa, mai tsagaggen gilashi, sunan shagon ya hau kan buhun gari, maballin biya ya ɓuya a can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Tana fama da wannan ne maganar kore ta taso.

"Alhaji, ina da jarrabawa da rana. Bari in tafi, in na dawo sai in ƙarasa."

"Ɗan gyara kaɗan ne ai, 'yata. Ki ƙara wa sunan girma. Kuma abokina na garin Clinton, nasa shafin in ka buɗe sai ya yi maka sallama da murya. Namu shiru kamar gidan makoki." Ya gyara hularsa. "Jarrabawar me ma? Wannan yaren Chana ɗin?"

"Japan."

"To, duk ɗaya. Ke da ke Amurka, me za ki yi da shi? Da Sifaniyanci kika koya, da kin samu kwastoma har kin gaji."

Ta ci gaba da danne-dannenta. Alhaji ba mugu ba ne. Shi ya haɗa ta da mai gyaran mota da mai ɗinki da wata makarantar Islamiyya, duk ta yi musu shafi. Amma ba ta taɓa gaya masa dalilin ba, kuma ba yau za ta fara ba, a kan buhun shinkafa.

Dalilin shi ne Choji, yayanta. Ya tafi Japan tun tana sakandare a Bukuru, wai zai sayo injinan mota ya dawo. Bai dawo ba. Ya samu aiki a wani filin tsofaffin motoci a Saitama, ya auri wata mata Chiharu, suka haifi 'ya mace, Nanami. Shekara biyu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, jijiya ta fashe a kansa. Kaneng ba ta je ba, takardunta ba su ba ta damar fita ta dawo ba. Kafin Mama ta gama fahimtar abin da ya faru, an riga an ƙona gawar kamar yadda ake yi a can. Mama ta yi wata ba ta ambaci sunan Chiharu ba. Da zuciyarta ta ɗan huce, sai ta fara tambayar jikarta, aka rasa mai yi mata magana. Turancin Chiharu ba ya kai ta ko'ina, yarinyar kuwa ba ta ji ko kaɗan. Sun gwada fassarar waya, ta mayar da gaisuwar Mama wani abu game da kaji.

Shi ya sa Kaneng, wadda ta haura talatin tana ƙarasa digirinta kwas ɗaya kwas biyu tsakanin ayyuka, ta rubuta sunanta a ajin Japananci.

Sai da rana ta take ta samu ta kuɓuta daga shagon, Hajiya ta cusa mata ledar soyayyar ayaba a jaka. Ana yayyafi. Ta shiga jirgin ƙasa na Green Line, ta zauna jikin taga, ta fito da 'yan katunan da take rubuta kalmomi. Da safen nan ta yi niyyar maimaita su da ƙarfi a gaban madubi. Yanzu alamomin suna kallonta kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da ya fi ba ta haushi da rubutun nan ke nan: ka sha wahala ka haddace alama, gobe ka gan ta a jikin wata kalma, a ce maka a nan ba haka ake karanta ta ba. 'Yan ajinsu yara ne, wasu ta girme su da shekara goma sha wani abu. Sun taso suna kallon katun ɗin Japan a talabijin, yaren yana kunnensu tun kafin su shigo. Ita kuwa tana jin Birom da Hausa da Turanci, ba ta taɓa sanin cewa harshe yana iya ƙin mutum ba sai a wannan ajin.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mama. Ta kara a kunne.

"Kaneng, ya sanyi? Kin ce yau za ki yi magana da 'yar Choji. Ki gaya mata kakarta tana gaishe ta. Ki gaya mata babanta a ɗakin nan aka haife shi, ranar ana ruwa, kuma itacen fiya da ya shuka yana nan ya yi 'ya'ya. Ki ce mata mun yafe komai, ba mu riƙe uwarta a zuciya ba. Ki faɗa mata da kyau yadda za ta gane, tunda yanzu kin iya yarensu."

Ta sauke wayar. A cikin maganar nan duka, abin da za ta iya faɗa shi ne "kaka" da "ruwa" da "itace". Ba ta taɓa cewa Mama ta iya ba. Ba ta dai taɓa cewa ba ta iya ba.

Ta iso ƙofar ofishin malamar tana haki, rigarta a jiƙe. Wani yaro ɗan ajinsu ya fito yana murmushi, ya ɗaga mata babban yatsa. Malama Odagiri, 'yar siririyar dattijuwa mai furfura a gefen kai, ta nuna mata kujera, ta danna na'urar ɗaukar murya.

Gaisuwa ta wuce lafiya. Suna, gari, abin da ta ci da safe. Ta ce burodi, ko da yake ba ta ci komai ba, don kalmar burodi ce ta zo. Daga nan aka shiga yadda ake neman alfarma wurin babba, sai harshenta ya harɗe. Ta yi wa malamar magana kamar ƙawarta, ta lura, ta gyara, ta ɗaukaka kanta a inda ya kamata ta ƙasƙantar. Alƙalamin malamar yana ta motsi.

"Kina da 'yan'uwa?" malamar ta tambaya da Japananci, a hankali.

Wannan ta shirya masa. Za ta ce tana da ƙanwa, Abby, ma'aikaciyar jinya a Kaduna, magana ta ƙare. Amma da ta buɗe baki, ba ƙanwa ce ta fito ba.

"Ani ga imasu," ta ce. Ina da yaya.

Ta ji abin da ta faɗa. Ta sauya ƙarshen kalmar zuwa abin da ya wuce. "Imashita."

Malama Odagiri ta girgiza kai tana murmushi. "Imasu," ta ce. Ta koma Turanci na ɗan lokaci, da muryar lallashi. "Na farkon shi ne daidai. Ɗalibai suna yawan yin haka in sun tsorata, su gyara abin da bai lalace ba. Ki yarda da kanki."

Kaneng ta san kalmar mutuwa, amma an koya musu cewa tana da kaushi, ba a jefa ta haka a kan mutumin da ake girmamawa. Akwai wata mai laushi, doguwa, tana cikin katunan da ke jakarta. Ta neme ta a kanta, ta ji farkonta, sauran ya ƙi zuwa. Jar fitilar na'urar tana kallonta.

"Hai," ta ce, wato e. "Imasu."

"A ina yake zaune?"

"Yana zaune a Saitama."

"Ah, Saitama!" Fuskar malamar ta washe. "Wane aiki yake yi?"

"Yana sayar da kayan mota. Yana da mata da 'ya ɗaya. Yana son kifi. Yana da tsayi, yana yawan dariya."

Jimlolin suka riƙa fitowa sumul, ba gargada, irin yadda ba su taɓa fito mata ba tun da ta fara ajin. Malamar tana gyaɗa kai. Ta ce lallai Kaneng ta kai masa ziyara da bazara, ya zaga da ita gari. Kaneng ta ce to, za ta je.

Sai aka miƙo mata takardar karatu, ta tsaya a layi na biyu, ta kasa gaba.

Da aka kashe na'urar, malamar ta haɗa hannuwanta a kan tebur. Ta ce ta san Kaneng tana ƙoƙari, ta ga ba ta fashin aji. Amma aji na gaba yana da sauri, kuma gini a kan tushen da bai bushe ba wahala ne. Shawararta ita ce ta maimaita wannan matakin. Ba dole ba ne, shawara ce. Ta ƙara da cewa, "Kina da abin da sauran ba su da shi. Ki riƙa kiran yayanki kuna hira, ko minti kaɗan ne. Za ki ga bambanci."

Kaneng ta miƙe, ta sunkuya yadda aka koya musu, ta yi godiya.

A barandar ginin ta tsaya tana kallon ruwan da ya ƙaru. Ba ta yi kuka ba. Wayarta ce ma ba ta ba ta sarari ba: Alhaji ya kira har ya gaji, ya koma saƙo. Yanzu wai kwastoma in ya zuba kaya a kwando ya zo biya, sai kwandon ya koma fanko. Ta samu benci a kusa da injin sayar da lemo, ta buɗe kwamfuta, ta shiga bin layukan rubutun shafin tana neman inda ya karye. Ta daɗe a kai. Ashe wata 'yar alama ce guda, ɗigo da waƙafi, sabuntawar Alhaji ta haɗiye. Ta mayar da ita, kwando ya riƙe kayansa. Ta rubuta masa cewa ya gyaru. Ya amsa da hoton babban yatsa, sannan ya tambayi maganar sallama da murya.

Ta ci ayabar Hajiya a tsaye a tashar jirgi, ta yi sanyi, mai ya daskare a jikinta.

Duhu ya fara shiga lokacin da ta isa ɗakinta, ko da yake yamma ce. Haka hunturun garin nan yake. A Saitama kuwa safiyar Asabar ce. Chiharu takan yarda da kiran bidiyo jefi-jefi, in an shirya tun da wuri, kuma ba ya daɗewa. Kaneng ta kunna fitilu duka, ta kawar da kwanukan da ke bayanta, ta sauya riga, ta ɗaura ɗankwali mai haske. Ta jera katunanta a gefen kwamfuta inda kyamara ba za ta gani ba.

Fuskar Chiharu ta fara bayyana, ta sunkuyar da kai, suka gaisa rabi da Turanci rabi da Japananci. Sannan ta matsa gefe.

Nanami ta girma. Shekararta takwas yanzu, gashinta a ɗaure gida biyu, ga goshin Choji, ga wushiryarsa. Duk lokacin da Kaneng ta gan ta sai ta ji kamar an taka mata ƙirji.

Ta karanto abin da ta shirya. Kina lafiya? Makaranta da daɗi? Kaka tana gaishe ki. Itacen Papa yana da girma. Yarinyar ta amsa da sauri, kalmomi suna zubowa kamar an buɗe famfo, Kaneng tana kama ɗaya tana rasa biyar, tana murmushi tana cewa haka ne, haka ne. Maganar yafiya ba ta ko taɓo ta ba.

Sai Nanami ta kalli uwarta, uwar ta gyaɗa mata kai. Yarinyar ta matso har numfashinta ya dusashe kyamarar. Wannan karon ta yi magana a hankali, tana raba kalmomin, kamar ita ce babbar.

"Goggo. Papa, kullum, in ya dawo gida, yana ce mini wani abu. Da yarensa. Me yake nufi?"

Kaneng ta gane. Ta gane kowace kalma, daga farko har ƙarshe, ba tare da ta kalli kati ba.

"Faɗa mini," ta ce.

Yarinyar ta rufe ido, ta tattaro abin daga inda ta ajiye shi, ta furta shi da harshenta na can.

"Kin-chi-a-bin-chi."

Muryar Choji ce sak, har da yadda yake ɗaga ƙarshen. Haka yake ce wa Kaneng in ya kira ta daga filin motoci, kafin gaisuwa, kafin komai. Haka Mama take ce wa duk wanda ya shigo gidan. Kuma ga shi, cikin ikon Allah, fassararsa tana cikin darasin farko-farko, ba ta da wuya ko kaɗan. Murna ta kwashe ta. Ta yi dariya, ta tafa hannu.

"Gohan tabeta?" ta ce. "Ma'anarsa ke nan. Kin ci abinci?"

Nanami ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallonta, bakinta a ɗan buɗe.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

Wannan ma Kaneng ta gane shi. Kuma bakinta, da ya saba da amsa tambayar malama kafin lokaci ya ƙure, ya riga hankalinta.

"Hai."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta zame daga kan kujera, ta fita daga hoton. Aka bar Kaneng da bangon ɗakin da wata 'yar kanta a kusurwa, inda hoton Choji yake tsaye a bayan ƙaramin kwano.

Chiharu ta dawo gaban kyamarar. Ta yi ta neman kalmomin Turanci tana haɗa su da hannu. Ta ce ita ma ba ta taɓa sanin ma'anar ba, ba ta taɓa tambayarsa ba. Nanami ta ɗauka yana nufin ina ƙaunarki. Haka ta gaya wa ƙawayenta a makaranta. Kuma kowace safiya, kafin ta fita, takan tsaya gaban hoton ta faɗa masa.

"Ba ta yi kuskure ba," Kaneng ta ce da Turanci, da sauri. "Ki gaya mata. A wurinmu ba a cika faɗin wancan ba, wannan ake faɗa. Babanmu har ya rasu bai taɓa... Ki ce mata duk ɗaya ne. Don Allah ki kira ta."

Chiharu tana gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar da Kaneng ta sani sarai, don ita ma yanzun nan ta gama yin ta. Kaneng ta juya ga Japananci. Ta san kalmar "ɗaya ne". Ta san "Papa", ta san "so". Ta rasa abin da zai ɗaure su, ta rasa yadda ake cewa "a wurinmu". Ta watsa katunan da hannu tana nema, wasu suka zube ƙasa.

"Yi haƙuri," in ji Chiharu, tana nuna agogon hannunta. Akwai koyon iyo, bas ba ya jira.

Ta kira 'yar, ta ce ta zo ta yi sallama. Nanami ta dawo sanye da rigar sanyi, jaka a baya, idanunta a bushe. Ta tsaya nesa da kyamarar, ta haɗa ƙafafu, ta sunkuya sosai. Ta yi godiya da doguwar jimla mai tsabta, kowace gaɓa a wurinta, sannan hoton ya ɗauke.

Kaneng ta zauna hannunta a kan tebur. A duk kiran da suka yi a baya, yarinyar da gajerun kalmomi take mata magana, irin na cikin gida. Wannan godiyar kuwa da harshen girmamawa ta yi ta, wanda ake yi wa malamai da baƙin da ba a sani ba. Karatun nata ya kai ta gane bambancin.